Budurwa ce ko Bazawara?

Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri, yau ba doguwar gaisuwa. Sau uku ina goge layin farko.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Na'ima, shekaruna ashirin da takwas, gidanmu na Unguwar Rimi. Saura kwana goma sha uku a ɗaura mini aure. Mu mata ba ma zuwa wurin, amma kowa ya san yadda ake yi. Liman zai dubi waliyyi ya tambaya, budurwa ce ko bazawara? Ƙanin Abba zai gyara babbar riga ya ce budurwa. Ba gaskiya zai faɗa ba, kuma bai sani ba.

Shekara biyar na yi a Malesiya. Mu uku muke zaune a ɗaki ɗaya, hawa na tara: ni, Humaira da Zuwaira. Tukunya ɗaya, man shafawa ɗaya, in ɗaya ta yi zazzaɓi biyu ba sa zuwa aji. A shekara ta uku na haɗu da Jamilu, ɗan Bauchi mai karatun injiniya. Ba zan yabe shi ba, ba zan zage shi ba. Mun ji tsoron faɗawa haram, mun kuma san Abba ba zai saurari zancen aure ba sai na gama. Wasu ɗalibai suka ce in an tsallaka iyaka a bas akwai malamin da ke ɗaura wa irinmu. Muka tsallaka. Shaidu biyu da ban taɓa gani ba, da takarda da rubutun da ban iya karantawa ba.

Wata bakwai auren ya yi. Ya gama karatu, ya samu aiki a wata ƙasa, ya tafi, ya sake ni. Na yi iddata ina zuwa aji kamar kowa. Humaira da Zuwaira kaɗai suka sani, suka kuma rantse.

Kada ku tambaye ni me ya sa ban faɗa a gida ba. Ranar da zan tafi, 'yan'uwan Abba sun cika falonmu suna cewa ba a tura 'ya mace ƙasar da ba ka da kowa. Ya bari suka gama, ya ce musu, “Na san 'yata.” Maganar da ta hana ni faɗa ke nan har yau.

Na dawo da digiri biyu, Mama ta ce ba ta ga wanda za a kai ɗakin miji a cikinsu ba. Duk bikin da ta je sai ta dawo da labarin 'yar wance da ban kai ta karatu ba, ga shi tana goyon na biyu. Sai Allah Ya kawo Ubaidullah. Shagon yadi gare shi a Babbar Kasuwa, mutanensa 'yan Rigasa ne. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, ƙanwar babansa, Gwaggo Hansai, ita ta raine shi. Sun yi bincikensu yadda aka saba. Sun tambayi maƙwabta, sun tambayi masallaci, sun tambayi ofishinmu. Ba wanda ya je Malesiya.

Ina son shi. Sau uku na buɗe baki zan faɗa masa, sau uku na rufe.

Zuwaira ta zama mai haɗa magunguna, ta yi aure, ta haihu. Humaira ta shiga harkar fim. Wata huɗu da suka wuce ta zo ta durƙusa gaban Mama, ta ce tana shirya fim mai dogon zango a kan ƙawaye uku bayan sun gama jami'a, tana roƙon aron falo na kwana biyu. Mama ta ji daɗi, har dambun shinkafa ta yi wa ma'aikatan. Ni ina ofis. Ban nemi ganin labarin ba. Ƙawata ce.

Yau Asabar. Ƙarfe tara Mama ta leƙo ɗakina.

“Har yanzu ba ki fita ba? Tela na jiran leshin kamu, ke kina nan kina shafa waya. In aka yi bikin nan ba ɗinki, ni za a zaga.”

Na zura baƙar abaya, na yafa mayafi ruwan toka, na tsayar da keke a bakin layi. Ba mu yi nisa ba saƙon Zuwaira ya shigo.

“Kin kalli kashi na shida?”

“Na me?”

“Fim ɗin Humaira. Ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa.”

“Ina cikin keke.”

“To ki sa abin kunne. Minti na ashirin da biyu. Na'ima, ki yi addu'a tukuna.”

Na sa. Na ja zuwa minti na ashirin da biyu.

Falonmu ne. Kujerarmu ruwan ƙasa mai zaman mutum uku, labulen Mama ruwan zuma, har ɗan ƙonewar da dutsen guga ya yi wa kafet. Wata yarinya doguwa, a fim ɗin sunanta Nabila, tana zaune ta haɗa gwiwoyi. Saura kwanaki bikinta. Ƙawayenta biyu suna ƙasa suna kallonta. Ta ce, “Na taɓa aure. Bas muka shiga muka tsallaka iyaka. Babana bai sani ba.”

Na ce a raina, fim ne, falo kuma falo ne, irinsa dubu a Kaduna.

Sai kyamara ta ja baya.

A bango, saman kanta, ga agogon da abokan aikin Abba suka ba shi ranar da ya yi ritaya. Kun san irinsa. Hotonsa a tsakiya da hula zanna, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: Alhaji Aminu Tukur. Daƙiƙa goma sha biyu yana nan tar. Na mayar baya na sake ƙirgawa. Goma sha biyu.

“Hajiya, lafiya?” in ji mai keke ta madubi.

“Tuƙa kawai.”

Na kira Humaira. Bugu ɗaya ta ɗauka, bayanta hayaniya.

“Amarya! Kin gani ko? Wallahi mata har kuka suke rubuto min.”

“Humaira, me na yi miki?”

“Kamar ya?”

“Labarina ne.”

“Haba ƙawata, labarin mata dubu ne. Na canza suna, na ce Indiya, na mayar da shi likita. Ko ke sai kin lura za ki...”

“Agogon fa?”

“Wane agogo?”

Na ji ta ce wa wani ya ba ta waya. Na ji muryar Nabila tana maimaita maganata, sannan na ji numfashin Humaira ya tsaya.

“Innalillahi. Na'ima, wallahi ni na tsaya aka sauke duk hotuna. Har na bikin yayanki. Agogo kuma... agogo ne, ba wanda ya ɗaga kai.”

“Gidaje nawa kika ara?”

“Uku.”

“Me ya sa wannan maganar sai a namu?”

“Baban Nabila ma'aikacin gwamnati ne. Na ga falonku ya dace da ita.”

“Ya dace da ita.”

“Ba haka nake nufi ba.”

“Ki cire shi.”

“Yanzu zan cire. Amma tun jiya da yamma ya fita. An sauke, an tura wa juna, masu tura fim a kasuwa sun loda wa mutane. Ban san yadda zan...” Ta fara kuka. “Ban faɗi sunanki ba, wallahi ban karya rantsuwa ba.”

“Kin faɗi na ubana.”

Na kashe.

Layin 'yan yadi cike yake kamar kullum Asabar. Ina tafe ina jin kamar duk wadda ta riƙe waya ni take kallo. Wata mata ta ɗago ta dube ni, na kau da kai, ashe hanya take so in ba ta.

Ubaidullah na tsaye a ƙofar shago cikin farin yadi, tef a wuya. Yana ganina ya washe baki.

“'Yar Malesiya! Ƙarfe tara kika ce. Ko agogonku na can kike bi har yanzu?”

Na ƙaƙalo murmushi. Ya ja mini kujera, ya miƙo kunun aya mai sanyi, ya fara sauke leshi ɗaya bayan ɗaya: ruwan gwal, ruwan hoda, wani kore mai duwatsu.

“Wannan na ɓoye miki tun ranar Talata. Wata Hajiya ta yi rantsuwa sai ta saya, na ce an riga ta. Ta ce wa? Na ce wadda ta fi ki iko da shagon.” Ya tsaya ya dube ni. “Ke, lafiya? Fuskarki kamar an wanke atamfa da omo.”

“Ban karya ba ne.”

“Amaren yanzu. Yunwa don riga ta shiga. Ni dai ba sanda na ce ina so ba.” Ya naɗe koren ya sa a leda. “Af, Gwaggo ta ce in gaya miki tana nan zuwa gidanku bayan azahar. Humra da turaren wuta ta haɗa miki da hannunta. Jiya ta hana kowa sakat a gida, wai ga fim an yi a falon surukanta. Har maƙwabta ta kira.”

Na ajiye kofin.

“Kai ka kalla?”

“Ni da fim? Na dawo a gajiye, na ci tuwo na kwanta. Amma na ji daɗi. Na ce musu to, ku ga irin gidan da na shiga.”

Ya faɗe shi da alfahari. Ku fahimce ni, da alfahari.

“Ubaidu.”

“Na'am, ranki ya daɗe.”

Ga shi a gabana, ga bakina a buɗe. Sai wasu mata uku suka shigo neman ankon suna, ya ce mini minti ɗaya. Na ɗauki leda na fita. Ban je wurin tela ba. Ina cikin keke saƙonsa ya shigo: “Kin gudu da maganarki. Ajiye min ita, da yamma zan karɓa.”

Sha biyu da rabi na shiga gida. Abba ya fita gaisuwar rasuwa, Mama na kicin tana soya miyar baƙuwa. Ita ta tsaya a kashi na uku na fim ɗin, tana jira Humaira ta zo ta tura mata sauran. Na tsaya a tsakiyar falo na ɗaga kai. Abba na kallona daga cikin agogo, dogon hannun ya ratsa ta gefen hularsa.

Ban yi tunani ba. Na jawo kujerar cin abinci, na hau, na sauke shi. Na kai ɗakina na tura ƙarƙashin gado, bayan akwatunan lefe. Da na dawo sai na ga abin da na yi. Shekara shida yana wurin. Duk bangon ya dushe, sai da'ira ɗaya fara sol, da ƙusa a samanta.

Na juya zan ɗauko shi in mayar, aka buga ƙofar gida.

Gwaggo Hansai gajera ce mai jiki, ta haura sittin, haƙorin Makka ɗaya, hijabi ruwan kunkumadi har ƙasa. Ƙamshinta ke riga ta shiga ɗaki. Ta zauna a kujera mai zaman mutum uku, daidai inda Nabila ta zauna. Na durƙusa na gaishe ta.

“Lafiya lau, amaryarmu. Tashi, tashi, kar gwiwa ta yi baƙi kafin ranar.”

Ta zazzage jaka: kwalabe huɗu na humra, turaren wuta a gwangwanin madara, wani ƙulli da ta ce wa Mama wannan sai ranar za a buɗe. Suka yi dariyarsu ta manya. Aka kawo shinkafa da miya da zoɓo. Ta ci, ta yaba, ta yi zancen tsadar tumatir da layin mai, da yadda ruwan bana ya cinye musu hanya a Rigasa. Ina zaune a ƙasa gefen ƙofa.

“Hajiya, ashe 'yan fim kuka zama ba labari?”

Mama ta rufe baki da mayafi tana dariya. “Ƙawar 'yar nan ce, tare suka yi karatu a waje. Yarinyar kirki. Ni ban ma gama gani ba.”

“Tare suka yi karatu,” in ji Gwaggo. “Allah sarki.”

Ta ɗaga kai a hankali, kamar mai neman lokaci. Idonta ya sauka a kan farar da'irar. Ya daɗe a wurin. Mama ta bi idonta.

“Ke, ina agogon Abbanku?”

“Batir ya mutu, Mama.”

“Da safe fa na ga yana tafiya.”

“Ɗazu ya tsaya.”

Gwaggo ta suɗe hannu, ta wanke, ta yi hamdala, ta miƙe.

“Hajiya, ara min amaryar ta taka min.”

A ƙofar gida wani mai keke ya rage gudu, ta ɗaga masa hannu ya wuce.

“Mu taka zuwa titi. Likita ya ce in riƙa tafiya.”

Layinmu shiru ne da rana. Dogayen katangu, waya mai ƙaya a sama, inuwar dogon yaro, ba kowa sai wata mota da aka lulluɓe. Ina riƙe da jakarta. Mun wuce gida uku kafin ta yi magana.

“Ni ban yi boko ba, 'yar nan. Amma fim, ko darakta bai fi ni sani ba. Na san aron gida suke. Na sha ganin falo ɗaya yau na alhaji, gobe na ɗan fashi. Jiya da na ga sunan mahaifinki, maƙwabciyata ta ce, Hansai, anya? Na ce rufe min baki, aro ne. Da na zo yau na tarar da agogon nan a wurinsa, wallahi da na ci shinkafata na tafi.”

Ta tsaya ta dube ni.

“Wanda ba shi da komai a ciki ba ya hawa kujera ya sauke agogo.”

Jakar ta yi mini nauyi. Na nemi ƙarya, ko guda ɗaya, ban samu ba.

“Gwaggo...”

“Kar ki durƙusa min a titi, mutane na leƙe ta taga. Tafe muke. Gaskiya ne?”

“Gaskiya ne.”

“Aure dai? Ba wani abu ba?”

“Aure ne. Da shaidu.”

“To alhamdulillahi, wannan ɗaya.” Ta ja numfashi. “Ni da kike gani aurena uku. Na farko ya mutu, na biyu na gudu, na uku ya gudu. Zawarci ba kuturta ba ne. Da kun faɗa tun farko, ni zan fara cewa Ubaidu ya ƙara riƙe ki, kin san zafin abin. Amma a tara maza a masallaci a ce budurwa? Da bakin baffanki? Haba.”

Hawaye suka zo, na mayar da su. Wani abu kamar sauƙi ya fara shiga ƙirjina. Ban san ba a fara ba.

“Saki nawa?”

“Ɗaya.”

“Ina takardar?”

“Babu. A waya ya faɗa. Muna faɗa ne, yana can ƙasar da yake aiki.”

“Wa ya ji?”

“Ni kaɗai.”

“Daga nan fa? Ya kira? Ya aiko?”

“Ban ba shi dama ba. A ranar na cire layin na karya. Na toshe shi ko'ina, na sa ƙawayena suka toshe shi. Takardar auren ma na ƙona. Na ƙirga iddata, na gama.”

Gwaggo ta tsaya cak. Fuskarta ta canza. Duk wasan ya fita daga cikinta, kuma a lokacin ne na ji tsoro na gaske.

“Kin tabbata bai mayar da ke ba?”

“Ta ina zai mayar da ni? Ban sake jin muryarsa ba.”

“Ta inda ya sake ki! La ilaha illallahu. Duk karatun nan, shekara biyar, ba wanda ya gaya muku? Namiji in ya yi saki ɗaya, kafin idda ta cika yana iya cewa na mayar. Ba sai kin yarda ba. Mijina na biyu haka ya yi min, ina gidanmu ina tuƙa tuwo, sai aike na gani. Ke kuma kin toshe ƙofar aiken, kin ce kin gama.”

“Shekara huɗu ke nan, Gwaggo. Da ya neme ni.”

“Da. Ni ba na aurar da ɗana a kan da.” Ta karɓi jakarta daga hannuna. “Ubaidu a bayana ya girma. Ba zan zauna a ɗaura masa aure da matar wani ba, ya zo yana tara 'ya'ya ana lissafin na wane ne. Ki nemo mutumin nan yau, ya rubuto miki a takarda. Sannan ki gaya wa mahaifinki da bakinki, kafin ya ji a masallaci. Fim ɗin nan yawo yake.”

“Ubaidu fa?”

“Ba zan ce masa komai ba yau, ba zan ce gobe ba. Jibi in na ji shiru zan dawo, kuma ba turare zan kawo ba.”

Ta tsayar da keke, ta tattare hijabi ta shiga. Kafin ya ja ta leƙo.

“Ki ci abinci. Kin yi fari kamar mai jego.”

Na koma gida, na wuce Mama da ke waya da mai abincin biki, na kulle ɗakina. Saƙonni goma sha ɗaya daga Humaira, ban buɗe ba. Ɗaya daga Zuwaira: “In zo?” Ɗaya daga wata 'yar ofishinmu: “Ke, ba falonku ba ne wannan?” da fuskar dariya guda uku.

Lambar Jamilu ba ta cikin wayata. Tana cikin kaina. Na ɗauka na manta ta, yatsuna suka rubuta ta ba tare da sun tambaye ni ba. Hotonsa ya fito. Ya yi ƙiba, ya tara gemu.

Na rubuta: “Na'ima ce. Ina buƙatar takardar sakina a rubuce, yau.”

Alama biyu. Suka zama shuɗi nan take. Na ajiye wayar a kan gado na tsaya a kanta kamar mai gadin tukunya. Minti huɗu.

“Wa alaikumussalam, tunda ba ki yi sallama ba.”

Sannan: “Wace takarda?”

“Kar ka yi min haka. Ka sake ni ranar bakwai ga watan Maris. Aure zan yi.”

Yana rubutu. Ya tsaya. Yana rubutu. Sai hoto ya shigo, hoton wani tsohon saƙo da aka tura wa layina na Malesiya, wanda na karya. Alama ɗaya ce a gefensa, mai toka, bai taɓa isa ba. Na buɗe shi ya cika fuskar wayar.

“Na'ima, fushi ne. Na mayar da ke. Don Allah ki kira ni.”

Kwanan wata: ashirin da shida ga Maris. Kwana goma sha tara.

Na zauna a ƙasa. Ban san lokacin da na zauna ba.

“Ban gani ba,” na rubuta. “Bai iso ba.”

“Na sani. Shi ya sa na faɗa gaban mutum biyu a ranar. Suna nan da ransu.”

“Shekara huɗu, Jamilu.”

“Ke kika ɓace. Na neme ki har na gaji. Gidanku kuma da wace fuska zan je, in ce wa mahaifinki ni wa?”

“To yanzu ka sake ni. Rubuta kawai. Layi ɗaya.”

Ko da ya rubuta, sabuwar idda ce, wata uku, ga kati an raba. Na san wannan. Duk da haka na roƙe shi. Na rubuta don Allah sau biyu, ni da ban taɓa roƙonsa komai ba.

Ya daɗe yana rubutu. Abin da ya zo gajere ne.

“Ba a waya ba. Sau ɗaya na yi a waya, kin ga inda ya kai mu. Na dawo, ina Abuja. Gobe zan shigo jirgin ƙasa na safe in gaida Abba.”

Na kira. Bai ɗauka ba. Na sake kira, ya kashe.

Aka kira la'asar. Na yi alwala, na yi salla, ban san me na karanta ba. Ina kan darduma na ji ƙarar ƙofar gida, na ji takun Abba, na ji ya kunna rediyonsa a baranda. Saƙon Ubaidullah ya shigo: “Bayan magariba ina nan tafe karɓar ajiyata.” Na kife wayar.

Jirgin safe yana isowa kafin sha ɗaya. Ko ni in faɗa wa Abba yau, ko gobe Jamilu a ƙofar gida da ledar tsaraba.

Na sa dogon hijabi na fita.

Abba na zaune a kujerar roba cikin farar jallabiya, tabarau a kan hanci, littafi a cinya. Sunayen tsofaffin abokan aikinsa yake bi, yana sa alama a kan waɗanda kati ya isa gare su.

“Yauwa, Mamana.” Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa na ci. “Zo ki duba min lambar nan, uku ce ko takwas? Mutumin nan in bai samu kati ba, har lahira sai ya yi min ƙorafi.”

Na durƙusa a gabansa, ba a gefe ba. Na sa hannuwana a ƙasa.

“Abba, ina da magana.”

Ya dube ni ta saman tabarau. Sannan ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Tunda nake ban taɓa ganin ya kashe labarai don wani ba.

“Ina jin ki.”

Daga kicin Mama na dariya a waya, tana cewa a ƙara kaji, baƙin Rigasa da yawa.

Na ce, “Abba, ina da miji.”